RAM ɗina GB 128 ne: nawa zan ware wa suwaf?

"Assalamu alaikum Malam. Na sayi wata kwamfutar aiki ta hannu, RAM ɗinta GB 128, faifanta na NVMe kuma GB 512. Ubuntu nake son ɗora mata, in riƙa tafiyar da PostgreSQL da kwamfutocin kwaikwayo uku ko huɗu a kan KVM. Da na iso wurin raba faifai sai na tsaya cak. Tun muna makaranta aka koya mana cewa suwaf ninki biyu ne na RAM, wato GB 256 ke nan, rabin faifan gaba ɗaya. Wani abokina kuma ya ce mai RAM irin wannan ba ruwansa da suwaf kwata-kwata. Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ita ce: a na'urar da RAM ya wadata, shin har yanzu girman RAM ne ke yanke girman suwaf (swap, wato wurin da ake warewa a faifai domin a riƙa sauke wani abu daga RAM a ciki), ko kuwa suwaf ɗin ma ya daina amfani? Kada ka bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin biyu. Ka yi suwaf na GB 8, ka yi shi a matsayin fayil ba yankakken ɓangaren faifai ba, domin ka iya ƙara shi ko rage shi daga baya cikin minti biyu. Abu ɗaya ne zai rushe wannan lissafi gaba ɗaya, shi ne idan kana son kwamfutar ta riƙa yin dogon barci, wato ta kwashe abin da ke RAM ta zuba a faifai ta mutu, in an kunna ta ta ci gaba daga inda ta tsaya. Zan zo kan wannan.

Inda ninki biyun ya samo asali

Malamanku ba ƙarya suka yi ba, zamanin maganar ne ya wuce. A tsofaffin tsarin Unix, duk manhajar da ta nemi wuri a RAM sai an tanadar mata daidai wannan wurin a suwaf tun kafin ta fara aiki. Idan suwaf bai kai RAM ba, ba za ka ma iya cin moriyar RAM ɗin duka ba. Linux ma a farkon jerin 2.4, a 2001, ya so suwaf mai yawa saboda yadda yake riƙe kwafin abin da ke RAM a can, daga baya aka gyara. A lokacin na'ura mai MB 64 abin alfahari ce, ware mata MB 128 ba wani abu ba ne. RAM ya ninka sau dubbai tun daga nan, amma dalilin da ya haifar da dokar ya mutu, dokar ce kawai ta ci gaba da yawo a littattafan karatu.

Dubi abin da masu yin manhajar da kansu suke faɗa yanzu. Red Hat sun ce na'urar da ba ta wuce GB 2 ba a ba ta ninki biyu, daga 2 zuwa 8 a ba ta daidai RAM, daga 8 zuwa 64 aƙalla GB 4, sama da 64 ma aƙalla GB 4, kuma a wannan mataki na ƙarshe ba sa ba da shawarar dogon barci. Shafin taimako na jama'ar Ubuntu yana amfani da tushen murabba'in RAM, wanda zai ba mai GB 64 suwaf na GB 8, mai 128 kuma GB 11. Debian 12, in ka bar shi ya raba faifai da kansa, kusan GB 1 yake yankawa. Fedora tun fitowa ta 33 ta daina yanka suwaf a faifai, ta koma zram, wato suwaf da ake matsewa a ajiye a cikin RAM, kuma daga ta 34 iyakarsa GB 8 komai yawan RAM. Sun saɓa a lamba, amma babu wanda ya kusanci 256.

Aikin da suwaf yake yi a na'ura mai wadata

Kuskuren abokinka shi ne ɗaukar suwaf a matsayin RAM na ko-ta-kwana, wanda sai na gaske ya ƙare ake waiwayarsa. Ainihin aikinsa ya bambanta da haka.

Kanel, wato zuciyar Linux da ke kula da kayan na'ura, yana raba RAM zuwa shafuka, kowanne KB 4 a irin na'urarka, kuma shafukan iri biyu ne. Akwai masu asali a faifai: fayilolin da aka karanta, da jikin manhajojin da ke aiki. Waɗannan in wuri ya yi ƙaranci sai a zubar da su kawai, tunda ana iya sake ɗauko su. Akwai kuma marasa asali: abin da manhaja ta lissafa ta riƙe a hannu, da RAM ɗin da ka ba kowace kwamfutar kwaikwayo, wato kwamfutar da manhaja ke tafiyarwa a cikin taka ta gaske. Waɗannan ba su da gida a ko'ina, in an zubar da su sun tafi ke nan. Suwaf shi ne gidan da ake ba su.

Ka ɗauki mai shago da sito a bayan shagon. Kayan da ba a tambaya sai shekara-shekara yakan kai su sito domin kanta ta samu wurin kayan da ake saye kullum. Wanda ba shi da sito dole ya bar mataccen kaya a kan kanta, ya riƙa mayar da mai tafiya wurin dila yana sake ɗaukowa. Haka na'urarka za ta kasance. Kwamfutar kwaikwayo ta Windows da ka kunna wata guda da ya wuce tana riƙe da wasu gigabait da ta taɓa sau ɗaya lokacin tashi ba ta sake komawa kansu ba. Haka manhajojin da ke zaune a bayan fage suna jiran abin da ba ya zuwa. Idan akwai suwaf, ranar da wuri ya fara matsewa kanel zai sauke waɗannan, ya ba PostgreSQL, manhajar rumbun bayananka, wurin riƙe fayilolinsa, wanda shi kuwa ya dogara ƙwarai da wannan ma'ajiyar ta kanel. Idan babu, matattun shafukan za su zauna daram, masu rai ne za a kora.

Kuma rashin suwaf ba ya hana na'ura sandarewa, wannan mutane da yawa ba su lura da shi ba. Idan RAM ya kusa cika kuma ba inda za a kai marasa asali, kanel zai koma kan masu asali, har da jikin manhajojin da ke cikin aiki. Ya zubar da shafin, bayan ɗan lokaci kaɗan manhajar ta neme shi, ya karanto, ya zubar da wani. An gudu ba a tsira ba: faifai yana ta aiki, linzami ya ƙi motsi, ga shi ba ko gigabait ɗaya na suwaf.

To me ya hana a yi shi da yawa, tunda yana da amfani?

A nan gizo ke saƙar. Asarar wurin faifai ita ce ƙaramar matsala. Babbar ita ce ranar da wata manhaja ta fara yoyo, tana neman RAM ba ta saki. Linux yana da hauni da ake kira OOM killer: idan RAM da suwaf duka suka ƙare, sai ya zaɓi manhajar da ta fi ci ya kashe ta, na'ura ta numfasa. Amma ba ya fitowa sai an cinye suwaf. Da GB 8, mai yoyon zai cika shi cikin ɗan lokaci, a kashe shi, ka ga layin "Out of memory: Killed process" a dmesg, wato rahoton kanel, sauran ayyuka su ci gaba. Da GB 256 kuwa, sai an bi duk wannan wurin an cika shi, kuma a tsawon lokacin na'urar tana raye a suna kawai.

Yi lissafin da kanka. Faifai mai juyawa da ke rubuta MB 100 a daƙiƙa zai ɗauki kusan minti 11 kafin ya rubuta GB 64, wannan ma in a jere yake rubutawa. Karanto shafukan suwaf kuwa a warwatse yake, kuma irin wannan faifan ba ya wuce nema ɗari zuwa ɗari biyu a daƙiƙa. NVMe ɗinka ya fi haka nesa ba kusa ba, shi ya sa suwaf a kansa ba ya da zafi kamar da, amma duk da haka RAM ya fi shi saurin amsawa sau ɗaruruwa. Aikin da yake buƙatar GB 200 a hannu a lokaci guda ba zai gudu a kan GB 128 da suwaf ba, rarrafe zai yi. Ga mai kula da rumbun bayanai, manhaja ɗaya ta mutu ta tashi ya fi sauƙi a kan a shafe awa guda ba a iya ko shiga na'urar daga nesa ta SSH.

Saboda haka girman da ake nema shi ne wanda zai ɗauke matattun shafuka ya bar ɗan rara, ba wanda zai maye gurbin RAM ba. A aikace, sabar mai GB 64 zuwa 256 nakan ba ta tsakanin GB 4 da 16. Mai kwamfutocin kwaikwayo nakan karkata sama, domin su ne suka fi tara shafukan da ba a taɓawa. Naka guda huɗu ne, GB 8 ya isa farawa.

Dogon barci

Ka bambanta shi da gyangyaɗi, wanda RAM ke zama da wuta a cikinsa, shi ba ya buƙatar suwaf ko kaɗan. Dogon barci kuwa a suwaf ake rubuta hoton RAM. Kanel yana ƙoƙarin kada hoton ya wuce kashi biyu cikin biyar na RAM, lambar tana cikin /sys/power/image_size, a na'urarka kusan GB 51 ke nan, kuma yana matse shi kafin ya rubuta. Amma abin da ya haura wannan na shafuka marasa asali sai an fara tura shi suwaf shi ma. Don haka wanda yake son barcin ya yi nasara ko da na'ura ta cika, sai ya ba suwaf daidai RAM da ɗan ƙari, kamar GB 139 da lissafin Ubuntu ke bayarwa. Fiye da rubu'in faifanka ya tafi.

Na san abin da ke jan hankalin mutanenmu zuwa wannan: ɗauke wuta. Mutum yana so in UPS ta fara kuka na'ura ta adana komai ta kwanta. A na'ura mai GB 128 ba na ba da wannan shawarar. Rubuta gigabait hamsin ko fiye yana cin lokaci daidai sa'ad da batir ke ƙarewa, in kuma wuta ta yanke a tsakiya hoton ya lalace. Ga kuma Secure Boot, tsaron da ke tantance manhaja lokacin tashin na'ura: idan yana kunne, kanel na Ubuntu yana shiga yanayin kulle da ke hana dogon barci. Sannan sai ka sa resume= a layin tashin kanel, in fayil ne ka ƙara resume_offset=, wanda ke canzawa duk ranar da ka sake ƙirƙirar fayil ɗin. Abin da ya fi tabbas shi ne ka haɗa UPS da kwamfutar ta USB, ka sa NUT ko apcupsd, manhajojin da ke sauraron UPS, su ba da umarnin rufewa cikin tsari in batir ya yi ƙasa. PostgreSQL zai rufe lafiya, libvirt kuma, mai kula da kwamfutocin kwaikwayon KVM, ana iya saita shi ya ajiye halin kowace kwamfutar kwaikwayo a fayil kafin a kashe. Wannan ba ya taɓa suwaf.

Tarkon da ya shafe ka kai tsaye

Takardun PostgreSQL suna ba da shawarar sa vm.overcommit_memory=2 domin kada hauni ya faɗa wa babbar manhajar rumbun. Mutane sukan kwafi wannan layin ba su duba abin da ke biye da shi ba. A wannan yanayi kanel yana sa iyaka ga jimillar alkawarin RAM da zai yi wa manhajoji, kuma iyakar ita ce suwaf a haɗa da wani kaso na RAM, wanda vm.overcommit_ratio ke yankewa, asalinsa kuwa 50. A na'urarka: rabin 128 shi ne 64, a tara da 8, ya zama GB 72. Kwamfutocin kwaikwayo huɗu masu GB 16 kowacce sun ci 64 tun kafin PostgreSQL ya buɗe ido. Sai ka fara ganin "Cannot allocate memory" alhali umarnin free yana nuna maka gigabait hamsin a zaune ba mai amfani da su.

Wasu a nan sukan ƙara suwaf domin iyakar ta ɗaga, kuma tana ɗagawa. Amma gyaran da ya dace shi ne ɗaga kason zuwa 90 ko makamancin haka, wanda zai ba ka kusan GB 123. Ka duba lambobin biyu, CommitLimit da Committed_AS, da wannan:

grep -i commit /proc/meminfo

Ni dai a ganina, in PostgreSQL da KVM za su zauna a na'ura ɗaya, gara ka sa rumbun a cikin tasa kwamfutar kwaikwayon, ka yi wannan saitin a can ciki, ka bar uwar na'urar a yadda ta zo.

Akwai kuma manhajojin da ke zuwa da nasu sharaɗin, waɗanda lambata ba ta hau kansu ba. Oracle Database 19c yana neman suwaf na GB 16 ga duk na'urar da RAM ɗinta ya wuce 16, kuma mai girka shi yana dubawa. Kubernetes a asalin saitinsa akasin haka ne, manhajarsa kubelet ba ya tashi in ya ga suwaf a kunne sai an canza masa failSwapOn. Wanda zai ɗora irin waɗannan, takardar mai manhajar zai bi.

Yadda za ka yi shi

A wurin raba faifai kada ka yanka wa suwaf komai. Ubuntu tun 17.04 fayil yake amfani da shi, kuma yakan ƙirƙiri nasa, /swap.img ko /swapfile gwargwadon fitowar. Bayan ka gama girkawa ka duba da swapon --show. In girman bai yi maka ba, ka kashe tsohon da swapoff, ka goge shi, ka cire layinsa daga /etc/fstab, fayil ɗin da ke lissafa abin da za a haɗa in na'ura ta tashi, sannan:

sudo dd if=/dev/zero of=/swapfile bs=1M count=8192 status=progress
sudo chmod 600 /swapfile
sudo mkswap /swapfile
sudo swapon /swapfile

Sai ka ƙara wannan layin a /etc/fstab, in ba haka ba da ka sake kunna na'ura zai ɓace:

/swapfile none swap sw 0 0

Na zaɓi dd ne saboda yana rubuta kowane ɓangare na fayil ɗin da gaske. Fayil da aka yi da truncate yana da ramuka a ciki, swapon zai ƙi shi ya ce maka yana da ramuka. fallocate ya fi sauri kuma yana aiki a tsarin fayil na ext4, amma dd ya fi tabbas. chmod 600 kuwa ba ado ba ne: abin da ke sauka a suwaf ya haɗa da kalmomin sirri da makullan da manhajoji ke riƙe da su, bai kamata kowa ya iya karanta shi ba sai root, wato babban mai iko a na'urar. Wannan ma wata fa'ida ce ta fayil. In ka rufe faifanka da LUKS, wato ka kulle bayanansa da kalmar sirri, fayil ɗin yana cikin rufin. Yankakken suwaf da aka bari a waje kuwa, duk wanda ya cire faifan zai iya tona shi.

Wannan duka in tsarin fayil na faifanka ext4 ne ko XFS; wasu tsare-tsaren kamar Btrfs da ZFS suna da nasu hali. Btrfs yana karɓar fayil ɗin suwaf tun kanel 5.0, amma da sharuɗɗa: ba matsewa, ba kwafi-kafin-rubutu, kuma ba a ɗaukar hoton ɓangaren da yake ciki muddin yana kunne. Ka ba shi nasa ƙaramin ɓangare, ka yi amfani da btrfs filesystem mkswapfile, wanda ke kula da sharuɗɗan da kansa. ZFS kuwa kada ka sa masa suwaf, ko fayil ko zvol (yankin faifai na cikin ZFS), domin shi kansa yana buƙatar RAM kafin ya rubuta, sai na'ura ta ƙulle daidai lokacin da ake neman ceto. Mai ZFS shi ne wanda ya kamata ya yanka ɗan ɓangare daban. In kuma nan gaba ka ƙara faifai na biyu ka yi RAID 1, inda kowane faifai ke zama madubin ɗaya, suwaf ma ya shiga cikin madubin. Faifan da ke ɗauke da suwaf in ya mutu, manhajojin da shafukansu ke kansa sun mutu tare da shi, ko da sauran bayanan suna nan lafiya.

Batun cin rayuwar SSD kada ya dame ka. Suwaf da ke zaune ba ya rubuta komai, shafin da aka sauke sau ɗaya aka rubuta shi.

Saiti da awo

vm.swappiness ana yawan fassara shi ba daidai ba. Lambar 60 da ya zo da ita ba tana nufin a fara suwaf in RAM ya kai wani kaso ba. Ma'auni ne tsakanin nau'ikan shafukan nan biyu: in dole a kori wani, wa za a fi kora? Ƙaramar lamba tana kare marasa asali ta sadaukar da ma'ajiyar fayiloli, babba tana yin akasin haka, kuma tun kanel 5.8 tana kaiwa har 200. A kan NVMe ka bar ta a 60 tukuna. In ka lura rumbun bayanai yana jinkiri bayan ya daɗe ba a taɓa shi ba, ka sauke ta zuwa 10. Kada ka sa 0, domin tun kanel 3.5 sifili yana sa kanel ya ƙi taɓa suwaf har sai abu ya yi tsamari, ka koma kusan halin wanda ba shi da shi. In manhaja ɗaya ce kake son karewa, sa mata MemorySwapMax=0 a fayil ɗinta na systemd ya fi canza wa na'ura duka hali.

zram da zswap duka suna matse shafuka su ajiye a RAM. zram shi kaɗai yake tsayawa, ba ya buƙatar faifai, kuma ba a dogon barci a kansa. zswap yana zama ne a gaban suwaf na faifai, yana riƙe har kashi 20 cikin ɗari na RAM a asalin saitinsa, abin da ya yi sanyi sosai ya tura ƙasa. Ɗaya ake zaɓa, ba a haɗa su. Da GB 128 da NVMe, ba lallai ka buƙaci ko ɗaya ba.

Bayan na'urar ta yi mako biyu tana aikinta na gaske, sai ka auna. A free -h, layin available ne abin dubawa, ba free ba, domin Linux da gangan yake cika RAM da kwafin fayiloli. Ganin GB 3 ko 4 a suwaf ba alamar ciwo ba ce, aikinsa ke nan. Abin tsoro shi ne kai-kawo: ka buga vmstat 5 ka kalli si da so, wato abin da ke dawowa daga suwaf da abin da ke tafiya can. In sifili ne mafi yawan lokaci, lafiya lau. In dukansu biyu suna motsi ba tsayawa, RAM ne bai isa ba, ƙarin suwaf ba zai warkar ba, sai dai ka rage abin da ka ba kwamfutocin kwaikwayo. Fayil ɗin /proc/pressure/memory, wanda ya zo tun kanel 4.20, yana faɗa maka kason lokacin da ayyuka suka tsaya jiran RAM, kuma layin full in ya ɗaga daga sifili ya zauna, akwai matsala. In kuwa suwaf ya cika maƙil amma si da so suna kwance, matattun shafukanka ne suka fi GB 8, sai ka ƙara fayil na biyu ko ka mayar da shi 16. Kafin ka yi swapoff ka tabbata available ya fi abin da ke cikin suwaf, domin duk zai dawo RAM ne.

Abu na ƙarshe, tunda ta hannu ce kuma irin waɗannan kwamfutocin aiki da yawa masu firosesa biyu ne: ka buga numactl --hardware. In ka ga ɓangarori biyu, node 0 da node 1, to yawanci GB 128 ɗinka rabi-rabi ne, 64 ga kowane firosesa. Manhajar da aka ɗaure wa ɓangare ɗaya tana iya cika nata rabin ta fara zuba a suwaf alhali ɗaya rabin yana nan fanko. Mai ganin haka yakan zaci suwaf ne ya yi kaɗan ko swappiness ya yi yawa, alhali rabon ne bai daidaita ba. numastat -m zai nuna maka yadda kowane ɓangare ya cika, sai ka raba kwamfutocin kwaikwayon biyu-biyu ta numatune a libvirt, ko ka tayar da babbar manhajar da numactl --interleave=all domin ta ɗiba daga ɓangarorin biyu daidai.